Gonar da Ke Cikin Wayar Hedimasta

Ranar Asabar ce a tsakiyar damina, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Mu uku ne a barandar maƙwabcina a Keffi: shi a kujerarsa mai hannu, matarsa a kan tabarma tana tsince tsakuwa daga wake, sai ni a benci da wayata a hannu. Na riƙe lokacin ne don aikina ya saba mini da duba agogo kafin in buɗe baki. Sama da shekara ashirin na yi ina fassara labarai ina karanta su a wani gidan rediyo a Abuja. Nakan bar gida bayan sallar asuba, in dawo lokacin da cunkoson Mararaba ya ga damar sakina.

Maƙwabcin nawa tsohon shugaban makarantar firamare ne, mutumin Agwada, Kirista. Duk layinmu Hedimasta ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai. Ita kuma Mama muke ce mata. Ni yana ce mini Mai Labarai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, kuma a hannunsa 'yata ta fari ta yi firamare.

Lokacin da muka tare a unguwar, bayan gidajenmu duk gonaki ne. Akwai wadda aka ba shi aro yana shuka masara da gyaɗa. Da ma'aikatan Abuja suka fara neman wurin zama mai sauƙi, mai gonar ya yanka ta fulotai, kafin mu ankara an kewaye mu da gine-gine masu jan kwano. Hedimasta bai yi ƙorafi ba. Ya koma hawa babur duk Asabar zuwa gonar gidansu a Agwada, ya dawo da doya ɗaure a baya da laka har gwiwa. Haka yake yi har ranar da ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Ƙafar ta fara dawowa, yana jan ta da sanda. Hannun ne ya ƙi. A asibiti an ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Mama ta ajiye masa wake ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, ya ce bai yi shekara talatin da biyar yana koyarwa don ya ƙare a tsintar wake ba. Ma'aikaciyar da ke motsa masa gaɓoɓi ta faɗa masa a gabana cewa yatsun da ba a aiki da su sandarewa suke yi, kuma idan suka sandare ba ta da abin da za ta yi musu. Ya saurare ta da ladabi, ya dawo gida ya naɗe hannun a cikin mayafi.

Ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya samo dabara. Ya zo wani ƙarshen mako ya saka masa wasa a waya, wasan noma. Ana ba mutum fili, ya ja yatsa ya shuka, ya jira, ya ja lauje ya girbe, ya ba kaji da shanu abinci, ya loda wa motar kasuwa kaya. Ɗan bai ce masa magani ba ne. Amma dole hannun hagu ya riƙe wayar, tunda na daman ba zai iya ba, saboda haka shuka da girbi suka faɗa kan yatsan dama. A ranar da nake ba da labarinta ya yi wata bakwai yana yi, har ya fara kai cokali baki da kansa. Ba ya wasan a gaban mutane. Ni dai na san da shi ne saboda carar zakaran wayar da nake ji ta saman katanga duk safiya ina sa takalmi. Ban taɓa tambayar sunan wasan ba.

'Yata kuwa tana aji uku a jami'ar da ke nan Keffi, kuma tana da shafi a intanet inda take sharhi a kan wasannin bidiyo. Masu karanta ta ɗalibai ne, da samarin da ke cika shagunan gem na bakin makaranta, da ma'aikatan da ke kashe lokaci a mota tsakanin Keffi da Abuja. Hausa take rubutawa, amma irin tasu, mai ɗauke da Turanci da Buroka da wasu kalmomi da ba na kowa ba sai na masu wasan. Da farko ban gane rabin abin da take faɗa ba. Sai na yi abin da nake yi wa kowace sabuwar kalma da ta shigo ɗakin labarai: na tambaye ta ma'anarsu, na rubuta a ɗan littafina, kowace da fassararta a gefe.

Abin da ya tara mata jama'a shi ne gatse. A wurin mahaifiyata ta gado shi, wadda idan yaro ya fasa kofi takan ce masa madalla, ya ɗauko ɗayan ma ya fasa kada ya zauna shi kaɗai. 'Yata takan yi ta yabon wasa har sai mai karatu ya gane feɗe shi take yi. Ranar da ta yi haka, ƙasan rubutun yakan cika da fuskokin dariya da masu cewa ta gama da shi. Ranar da ta rubuta sharhi kai tsaye, ba cizo, 'yan kaɗan ne ke tankawa. Ta lura da wannan tun kafin ni, kuma ta bi inda ake tafa mata.

Hedimasta na alfahari da ita. Tun da ya kwanta ciwo ƙananan rubutu suke gajiyar da idonsa, shi ya sa duk Asabar nake shiga in karanta masa abin da ta fitar a makon. Yawanci wasannin ƙwallo ne da na harbe-harbe da na tseren mota. Bai san su ba, bai kuma damu ya san su ba. Inda ta yi cizo yakan yi dariya da rabin bakinsa, ya ce wa Mama ta ji ɗalibarsa, shi ya koya mata inda ake sa aya.

A wurin aiki doka ce ba a zama gaban makirufo da takardar da ba a duba ba. Ko sanarwar ɓatan akuya ce, sai ka karanta ta a zuci tukuna. Ran nan na karya wannan doka, don na dawo daga ɗaurin aure a gajiye, kuma rubutun 'yata ne. Na buɗe na fara.

Sakin layi na farko sunan wasan ne da inda ake samunsa. Sunan bai tuna mini komai ba. A na biyu ta fara bayani: fili, masara, kaji, motar kasuwa. A nan na ga hannun Mama ya tsaya a cikin wake.

Da wani ne da ya yi tari ya ce hasken waya ya dame shi, ko ya tsallake zuwa ƙarshe. Ni an horar da ni cewa babu abin kunya kamar shiru a tsakiyar labari. Idan ka fara jimla sai ka kai ta, idan ka ɗauki takarda sai ka gama ta. Bakina ya ci gaba shi kaɗai, da muryar da nake karanta farashin taki da rasuwar manya, wadda ba ta hawa ba ta sauka.

Ga abin da na karanta, don har yanzu ina da shi:

"Alhamdu lillahi, an samo wa masu jiran fansho aikin yi. Wasa ne mai wuyar gaske, sai jarumai: ka danna, ka jira, ka sake dannawa. Duk wanda ya iya wannan ya cancanci a kira taro a ba shi lambar yabo. Gem ɗin nub ne tsantsa, girandin daga farko har ƙarshe."

Hedimasta ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni, kamar yadda ya saba idan kalma ta wuce shi. Ya tambaya mene ne nub.

Nan ma horon ya yi aikinsa. Ba a barin mai sauraro da kalmar da bai gane ba, kuma ba a yi masa kwana-kwana. Na ce masa, wanda bai iya wasa ba, wanda sauran ke yi wa kallon bai san komai ba. Ya ce ɗayar fa, girandin. Na ce, maimaita ƙaramin aiki ɗaya sau da yawa, aikin da ba ya bukatar tunani. Haka suke a littafina, haka na ba shi.

Ya gyaɗa kai ya ce in ƙarasa. Na ƙarasa.

"An rubuta shi da kyau," in ji shi. "Ban ji kuskure ko ɗaya ba."

Wayarsa na kan ɗan teburin da ke gefensa. Ya kifa ta. Sannan ya tambaye ni ko aikin faɗaɗa titin Abuja ya wuce Masaka, muka yi hirar titi har aka kira magariba na tashi.

Washegari ban ji zakara ba. Litinin ma haka. Na ce wa kaina ko ya rage ƙarar ne. A mota na buɗe shafin na duba abin da aka rubuta a ƙasan sharhin. Dariya ce daga sama har ƙasa. Wani ya ce wannan gem ɗin kakarsa ne, wani ya ce yana neman a ba shi lambar yabon don ya taɓa dannawa sau biyu a jere. Babu mugunta a ciki, yara ne suna nishaɗi, kuma babu ɗayansu da ya san akwai baranda irin tamu. Da na shiga ɗakin karatu a wurin aiki, jar fitila ta kama, na fara kanun labarai, sai na riƙa jin muryata kamar ta wani. Ban yi tuntuɓe ba. Na dai ji yadda take shimfiɗe komai ya zama magana tabbatacciya.

Ranar Alhamis Mama ta shigo wurin matata aron turmi, ta ce tun ran nan bai taɓa wayar ba sai in an kira shi, hannun ya koma cikin mayafi, kuma jiya ita ta ba shi abinci a baki. Da Asabar ta zagayo na shiga gaishe shi, na bar wayata a gida da gangan. Ya tambaya ko ɗalibarsa ba ta yi rubutu ba wannan makon. Na ce ban duba ba. Ya ce wa Mama, Mai Labarai bai iya ƙarya ba, shi ya sa har yau ba a ba shi muƙami ba. Muka yi dariya mu uku, ba mai tsawo ba. A makon da ya biyo suka je asibiti, ma'aikaciyar ta tambaya me ya canza, don yatsu biyu sun fara lanƙwashewa. Ya ce mata ba komai.

Sai da aka kai nan na yi wa 'yata magana. Ban yi tun farko ba don ina jin laifin nawa ne, kuma ban san ta inda zan raba nawa da nata ba. Ranar Juma'a ce, ba ni da aiki, na same ta a tsakar gida tana wanki bayan ta dawo daga lacca. Na faɗa mata yadda aka yi, a jere, ba ƙari.

Ta fara da kare kanta. Ta ce ba ta san yana wasan ba, kuma ai ba da shi take ba. Ta ce haka ake rubutu a wurinsu, kowa ya san tsokana ce, ba wanda ke ɗauka da zafi. Nub kuwa, ita kanta a rana sai a kira ta haka sau uku, kalma ce da ake jefa wa aboki a wuce. Sannan ta goge hannu a zani ta ce in karanta mata yadda na karanta masa.

Na karanta. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Baba, ai sanarwar rasuwa ka yi masa."

Ta karɓi wayar ta karanta da muryarta. Kalmomin ba su canza ba, amma ta ja wasu, ta haɗiye wasu, ta yi 'yar dariya a hanci kafin ta ce jarumai. A bakinta abin ya zama zolaya irin ta 'yan aji ɗaya. Na ji bambancin sarai, kuma na ji kunya irin ta mai sana'a. Shekara ashirin ina cire kaina daga abin da nake karantawa, ban taɓa tunanin akwai rubutun da in aka cire mai shi daga ciki yake komawa wani abu dabam ba.

Ta ce za ta goge shi yanzu. Na ce mata a wurinmu abin da ya fita ya fita, ba a kamo shi. Abin da ake yi shi ne a ba wanda aka taɓa fili ya yi magana da bakinsa, a wuri ɗaya, ga mutanen da suka ji na farkon. Ta ce wannan rediyo ke nan, nata intanet ne. Na ce gogewa ba za ta fito da hannunsa daga mayafi ba. Ta ci gaba da wankinta. Da ta gama shanya ta zo ta ce in raka ta wurin Hedimasta gobe.

Muka shiga bayan la'asar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gai da Mama. Ya amsa da fara'a, ya ce wa Mama ta kawo wa babbar marubuciya kujera, kada a ce an bar ta a ƙasa a gidan masu jiran fansho. 'Yata ta ƙi tashi. Ta kira shi Sa, kamar yadda ta saba tun tana aji ɗaya, ta ce ta zo ba da haƙuri, kuma laifin har da muryar babanta, da ita ta karanta da ya ji wasa take yi.

Ya ce mata ta bar babanta ya huta. Shekara talatin da biyar ya yi yana yi wa yara gatse a layin safe, ya san shi ko a wace murya aka kawo masa. Ya gane wasa take tun daga jimlar farko.

"Da ƙarya kika yi da na yi dariya," ya ce. "Fansho nake jira. Dannawa nake yi, in jira, in sake dannawa. Kin zana ni daidai, kuma ba ki ma san ina wurin ba."

Mama ce ta yi magana daga bakin ƙofar kicin. Ta ce tunda an taru, ita ma tana da ƙara: mako biyu ke nan ita ke ba kajin nan abinci. Duk safiya yana banɗaki take ɗaukar wayar, ta rage ƙara, ta zuba musu. Ko ta waya ce, dabba dabba ce, ba za a bar ta da yunwa a gidanta ba.

Hedimasta ya juyo ya dube ta kamar ta ce ta sayar da gonar Agwada. Ya tambaye ta me ta shuka. Ta ce masara. Ya ce a ina. Ta ce ko'ina, ai ita ta fi saurin nuna. Ya rufe ido. Ya ce ta cika masa rumbu da masara, babu inda za a sa rake, motar kasuwa kuma sukari take nema da madara, shi ke nan ta mayar da shi baya mako uku. Mama ta ce da ya damu da ya duba. Ya ce bai damu ba, gyara kawai yake yi mata. Wayar na gefensa, bai taɓa ta ba.

A nan 'yata ta ce tana so ya mayar mata da martani, za ta sa a shafinta yadda ya faɗa. Ya ce shi ba ya faɗa da yara. Ta ce ba faɗa ba ne, maki ne, ai bai taɓa mayar mata da littafi babu maki ba. Wannan ya kama shi. Ya tambaye ta kwana nawa ta yi tana wasan kafin ta rubuta. Ta ce biyu, da ƙaramar murya. Ya gyara zama ya ce in rubuta, kuma kada in gyara masa ko harafi ɗaya, ya san halin mutanen rediyo.

Ga abin da ya faɗa:

"Ni ne nub ɗin da ake magana. Shekarata saba'in da ɗaya. Ina da gona ta gaske a Agwada, shekara guda ke nan ban taka ta ba. Mai sharhi ta ce babu komai a wasan sai dannawa da jira. Na tambaye ta, ta ce kwana biyu ta yi tana yinsa. A kwana biyu ba a kai inda rumbu ke cika ba, ba a kai inda mutum zai zaɓi abin da zai shuka yau saboda abin da za a nema jibi ba. Ni wata bakwai na yi, da yatsa ɗaya. Na ba ta shida cikin goma. Rubutu ya yi kyau, bincike bai isa ba."

Ta sa shi a shafin kafin mu tashi, da layi ɗaya a sama cewa wannan malaminta ne na firamare.

A wannan makon na bi abin da ake cewa, a mota, zuwa da dawowa. Waɗanda suka fara zuwa su ne na kullum. Wasu suka yi ta dariyar shida cikin goma, suna cewa yau an samu mai maganinta. Wani ya ce Baba ya je ya huta, nan ba wurin tsofaffi ba ne, wasu biyu suka taso masa, abin ya zama rigimar da ba ta shafi kowa ba. Wani kuma ya ce ita ce ta ƙirƙiri tsohon don ta ja jama'a.

Daga rana ta biyu sai wasu suka fara fitowa waɗanda 'yata ta ce ba ta taɓa ganin sun tanka ba. Wata ma'aikaciyar jinya daga Nasarawa ta ce shekara guda ke nan tana wasan idan ta samu sarari a wurin aiki. Ta karanta sharhin farko ranar da ya fito, ta rufe wayarta ba ta ce komai ba. Wani ya ce tsakanin Keffi da Nyanya yake nomansa kullum, yana karkata wayar kada na kusa da shi ya gani. Wata ta ce ta daɗe tana karanta shafin don dariya, amma rabin kalmomin ba ta gane su, tana jin kunyar tambaya kada a kira ta da sunan nan na nub. 'Yata ta daɗe tana maimaita karanta wannan. Ta ce mini ita a zatonta waɗanda ke dariya su ne masu karatun. Na ce mata mu ma a rediyo masu bugo waya muke ji, sauran sai dai mu yi zato.

Sannan tambayoyi suka fara shigowa, kuma ba ita ake yi wa ba. Asabar ta gaba ta tattara su ta kai masa, ni ina benci a matsayin ɗan rakiya. Ita ta karanta. Wani na tambaya ko ya fara sayen saniya ko ya faɗaɗa rumbu. Hedimasta ya ce rumbu, ko tunani bai yi ba, ya ƙara da cewa a gaya wa yaron kada ya sayi abin da ba shi da inda zai ajiye amfaninsa. Wani ya yi tambaya cike da kalmominsu. 'Yata ta warware masa su da bakinta, tana haɗawa da yadda ake faɗinsu da wanda ake faɗa wa. Ya ce to, ashe abu mai sauƙi ne suka lulluɓe, ya ba da amsa.

Ta uku daga ma'aikaciyar jinyar nan ce. Ta ce ta kai inda ake buɗe injin matse rake, amma duk yadda ta yi motar kasuwa na tafiya kafin sukarin ya fito. Shi yaya ya jera filayensa, nawa ne rake, nawa ne masara? Ta rufe da cewa, don Allah Baba, mako biyu ke nan na maƙale.

Ya buɗe baki zai amsa, ya tsaya. Ya ce huɗu ne rake, a'a, biyar. Ya ce a dakata. Ya dubi rufin baranda yana motsa leɓe. Ya ce ba zai ba mutum amsar da bai tabbatar ba, matar nan aiki take yi, ba ta da lokacin ɓatawa.

"Mama," ya ce, "miƙo mini wayar nan in ga ɓarnar da kika yi."

Ta miƙa masa, ta shige kicin. Ya riƙe da hagu. Sai da ya ɗan jima kafin ya zaro na daman daga mayafi, kuma yatsan bai miƙe sosai ba. Ya ja laujen ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. 'Yata ta sunkuya tana duba wani abu a wayarta, ni na juya ina kallon magina da ke ɗora bulo a gidan da ke fuskantarmu. A na uku na ji ƙarar girbi, wani ɗan sauti kamar an zuba tsaba a kwano. Ya yi tsaki ya ce masara har bakin rijiya, wannan mata ba ta da tausayi. Daga kicin Mama ta ce ta ji, kuma ba kaza ko ɗaya da ta mutu a hannunta.

Kusan rabin sa'a ya ɗauka kafin ya ba da amsar. Ashe shida ne raken. Ya sa 'yata ta rubuta wa matar cewa ta shuka rake kafin ta shiga aiki, masara kuma idan ta fito hutun cin abinci, sannan ta dawo bayan mako guda ta faɗa masa yadda ta kaya.

'Yata ba ta bar gatse ba. Mako biyu bayan haka ta feɗe wani wasan tseren mota, aka yi ta dariya kamar da. Abin da ya canza kaɗan ne. Ta fara faɗin kwana nawa ta yi da wasa kafin ta rubuta, kuma idan ta sa kalmar da ba kowa ya sani ba takan bi ta da 'yar jimla mai bayani, abin da wasu tsofaffin masu karatunta suka ce ya mayar da shafin aji. Wasunsu sun daina zuwa. Karatun Asabar kuma ya bar hannuna, ita ke shiga ta yi da kanta. Ba wanda ya ce in daina. Na dai ga ba a neme ni ba, na kuma ga daidai ne.

Hannun bai dawo duka ba. Cikin yatsu biyun da suka lanƙwashe ɗaya ya miƙe, ɗaya ya zauna haka. Ya koma cin abinci da kansa, ya kai ga sa maɓallin riga, bai kai ga riƙe biro ba. A makon Kirsimeti wayar ta zame daga cinyarsa ta faɗa bokitin wanki, ba ta sake tashi ba, gonar ta tafi da ita don ba wanda ya san yadda ake adana ta. Ɗansa ya kawo masa wata wayar a sabuwar shekara, ya fara daga fili biyu da kaza ɗaya.